Don Allah wa ya iya soyayyen burodin nan na 'yan Navajo? Nawa ya fito kamar ƙirgi

Amaryar_Arizona:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wata shida kenan da zuwanmu Arizona, maigidan ke karatu. Ranar Asabar mun je wata kasuwar baje koli a Phoenix sai na ga wasu mata 'yan ƙabilar Navajo, cikin mutanen asali na Amurka, suna tuya wani abu faffaɗa kamar faifai, wai fry bread, wasu a zuba musu wake da niƙaƙƙen nama da latas da tumatir a kai wasu kuma zuma kawai, ni dai ban saya ba don ban san da wane mai suke yi ba amma wlh ƙamshin nan har gida ya biyo ni. Jiya na gwada, fulawa kofi 3 da yis da gishiri, na murza shi sosai kamar na cincin, abu ya fito kamar ƙirgi ga shan mai, maigidan ya ci rabi don kara ya ajiye. Ina na kuskure?

Maman_Biyu:
Wslm amarya, hhh kin ba ni dariya. Yis ɗin ma da sauƙi, murzar nan ce ta kashe ki. Yawancinsu ba sa sa yis, bekin foda ne. Ki samu fulawa kofi 2, bekin foda babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, sai ruwan ɗumi kina zubawa kaɗan kaɗan, ba zai kai kofi ɗaya ba. Da kin ga ya haɗe jikinsa yana ɗan kama hannu to ki cire hannunki, kar ki ce sai ya yi sulɓi. Ki shafa masa mai ki rufe da leda ya huta minti 30, in ba kya sauri ki bar shi awa ɗaya, a nan laushin yake.

Sai ki gutsuro kamar girman lemon zaƙi ki faɗaɗa da tafin hannu kina juyawa, tsakiyar ta fi gefen siranta, ki huda tsakiyar da yatsa don kar ya kumbura ya zama ƙwallo cikin bai soyu ba. Maganar shan mai kuma man ki ne bai yi zafi ba, ki fara jefa ɗan gutsure, in ya taso nan take yana kumfa to ki saka. Minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe ya isa.

Hajiya_Babba:
Ikon Allah, yanzu 'yar nan har Amurka kika je kika gano funkaso? Mu dai tun muna yara da miyar taushe ake ci, ragowar da safe a barbaɗa suga ko a zuba zuma a sha da shayi. Sai dai namu na alkama ne kuma ƙullin da ruwa ruwa, sai ya tashi ake ɗiba da hannu a jefa a mai. Naku kam na masu gaggawa ne. Ki yi masa taushe ki gani in mijin naki zai bar rabi.

Ɗan_Albuquerque:
Gafara dai iyayen gida, na shigo zauren mata. Kin yi daidai da ba ki saya ba tukuna, don asalinsa da kitsen alade ake tuya shi, yanzu da yawa man girki suke sawa amma sai kin tambaya, kuma ba sa jin haushi in an tambaya. Abin yana da tarihi mai ɗaci. A 1864 sojojin Amurka suka kwashe Navajo daga ƙasarsu suka kora su a ƙafa tafiyar kusan mil 300 zuwa Bosque Redondo a nan New Mexico, wurin da noma ya ƙi, aka riƙa ba su fulawa da gishiri da suga da kitse, da wannan suka yi abin da za su rayu har aka bar su suka koma gida a 1868. Shi ya sa za ki ji wani yana alfahari da shi wani kuma ya ce abincin wahala ne da ya jawo musu ƙiba da ciwon suga. Wancan mai wake da nama shi suke ce wa Navajo taco. In kin ga fulawa mai suna Blue Bird a shago ki ɗauka, ita suka fi so.

Amaryar_Arizona:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Maman Biyu na bi naki yau da yamma, na farko ya ƙone don na tsaya ɗaukar hoto, sauran biyar ɗin kam sun yi laushi har suna naɗewa. Uku da miyar wake biyu da zuma, ba a bar ko gutsure ba. Hajiya taushen ce matsala, kabewa kam ga ta nan burjik amma yakuwa ban san inda zan samo ta a garin nan ba.