Yaron da bai ga wuta ba, tattalin me zai yi?

Daga zauren iyayen yara 'yan aji biyar na wata firamare a Tudun Wada, Gombe.

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Jama'a ku taya ni gani. Khalifa ya dawo da jinga, wai ya rubuta hanyoyi biyar na tattalin wutar lantarki saboda sauyin yanayi. Da tocilan wayata nake haska masa yana rubutu, kwana uku rabonmu da wuta. Wanda ya ƙoshi ai shi ake ce wa ya rage ci. A koya musu lissafi da karatu, sauyin yanayi kuma a bar wa Turawan da suka cika sama da hayaƙi.

Maman Hanifa: Wa'alaikumus salam. Ni abin da ya ba ni dariya, a littafin har da a rage sanyin na'urar sanyaya ɗaki. Hanifa ta ce, "Mama, wace ce ita?" Na nuna mata mafici.

Malama Asabe: Baban Khalifa, rabin maganarka gaskiya ce. Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Amma wanda ya kunna wutar daji daban, wanda gonarsa ke ƙonewa daban. Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, yanzu abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan. Yaran da ke ajina su za su yi noma da kiwo a wannan yanayin. In ɓoye musu?

Baban Khalifa: Malama, kashe ƙwan fitila a Tudun Wada zai dawo da Tafkin Chadi?

Malama Asabe: Ba zai dawo da shi ba, ban kuma ce musu zai dawo ba.

Alhaji Bappa: Ruwa da fari duk na Allah ne. Mun ga farin 1973, mun ga na 1984, lokacin ba wanda ya ce mana sauyin yanayi. Kada a cika wa yara kai da tsoro.

Injiniya Usman: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, na Allah ne, amma kwazazzabon da ke cin gidaje a cikin garin Gombe fa? Inda aka sare itatuwa aka toshe magudana, nan ruwa ke yin hanyarsa. Baban Khalifa, bar maganar duniya, zo mu yi ta aljihu, tunda sana'ata ce haɗa sola. Ƙwai goma irin na da, mai wat 60, in suka yi awa biyar a kunne sun sha yunit 3. Ka canza su da LED mai wat 9, ko rabin yunit ba za su sha ba. Mai mitar kati ya san bambancin. Sannan mafi yawan batiran da ake kira na in duba, ba lalacewa suka yi da kansu ba. Wani ne ya jona dutsen guga ko hita a inbata da daddare. Wat dubu a kan batir ɗaya! Gidan da yara suka san wannan, batirinsu na daɗewa. Mai wuta kaɗan shi ya fi kowa bukatar iya lallaɓa ta.

Baban Khalifa: Injiniya, talla kake yi mana a fakaice. Nawa ne kuɗin solar? Dam ɗin Dadin Kowa ga shi nan kusa da mu, megawat 40 yake iya bayarwa, mu kuma muna duhu. A 2024 da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe makonni muka yi ba ƙyalli. Manya su gyara nasu tukuna kafin a ɗora wa yara.

Maman Hanifa: Ku maza duk a kan ƙwan fitila kuka tsaya, don ba ku shiga madafa. Makamashin gidajenmu itace ne da gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin mutane da yawa, an koma buhun gawayi. Kowane buhu kuwa bishiya ce aka kayar a daji. Da ni ce mai rubuta littafin, da na sa a koya musu jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, kare murhu daga iska, da kashe ragowar garwashi a adana maimakon a bar shi ya zama toka. Murhu mai duwatsu uku yawancin zafinsa a gefe yake tafiya, idonka kuma na hawaye. Kakata ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa barin bakin wuta ya ci a banza ba.

Malama Asabe: Wannan na karɓa, Maman Hanifa. Littafin ne bai san gidajenmu ba. Ranar Alhamis ki zo ki nuna musu da kanki. Muna kuma neman dashen maina ta shirin Gombe Goes Green da aka fara a 2019, kowane yaro da tasa.

Alhaji Bappa: Dashe kam sadaka ce mai gudana, ba ni da ja. Amma wa zai ba su ruwa lokacin hutu? Awakin unguwa fa? In ba a kewaye su ba, kafin Maris sun zama tsinke.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana game da ƙwan fitila. Amma gobe za a kai jinga. Na sa Khalifa ya goge na'urar sanyaya ɗaki ya rubuta murhu a gurbinta. Malama, kada ki rage masa maki don ba ya cikin littafi.