"Labarin zuciya a tambayi fuska": har da labarin huhu?

Baban Walida: Salamu alaikum 'yan uwa. Ga karin maganar wannan makon: "Labarin zuciya a tambayi fuska." Na ji wani ya kawo ta a gaban mai tari da zazzaɓi, wai tunda yana hira har da dariya, ai sauƙi ya samu, a bar zancen asibiti. Ta hau nan kuwa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ba ta hau ba. Zuciyar da magabata ke nufi ita ce mai murna da ɓacin rai. Ka aika yaro biko, ya dawo, kafin ya buɗe baki ka san an dace ko ba a dace ba. Nan ne muhallinta.

Maman Abba: Malam, ni kam ina ganin ta hau. Uwa tana duban ɗanta ta san ba lafiya.

Nas Hadiza: Maman Abba, a zazzaɓin cizon sauro zan bi ki. A nimoniyar da bairos ke kawowa, fuska tana yaudara. Lokacin korona a 2020, likita Richard Levitan, da ya yi aikin agaji a asibitin Bellevue na birnin New York, ya ba da labarin majinyata da ke danna waya abinsu alhali oksijin ɗin jininsu ya faɗi ƙasa ƙwarai, wasu har kashi 50. Mai lafiya yana tsakanin 95 da 100. Abin da ya fi sa mutum jin numfashi ya sarƙe shi ne taruwar iskar kabon dayoksaid, ita kuma ta fi oksijin sauƙin ratsa huhu. Sai mutum ya ɗan ƙara saurin numfashi, ta fita, ba ya jin komai, oksijin na zurarewa.

Ɗan Gaya: To ai ga wadda ta dace: gani ya kori ji. A ɗauki hoton ƙirji, magana ta ƙare.

Dr. Bashir: Ina ma haka ne, Ɗan Gaya. A mai korona, hoton CT, wato na na'urar da ke ɗaukar cikin jiki yanka-yanka, yana nuna wani hazo-hazo fari a gefen huhu, galibi ta ƙasa, a ɓangarorin biyu. Har maki ake ba shi: huhu kashi biyar ne, kowane kashi daga 0 zuwa 5, jimilla 25. A dunƙule, in maki ya hau, oksijin na sauka. Amma a kan mutum ɗaya lissafin yakan saɓa. Hoto iskar da ke cikin huhu yake nunawa, bai nuna yadda jini ke bi ba. Lafiyayyen huhu yana matse jijiyoyin jinin inda iska ba ta isa, ya tura jinin inda take. Korona tana lalata wannan tsari, jini ya ratsa wurin da ya toshe ya fito ba oksijin. Ga kuma daskarewar jini a jijiyoyin huhu, wadda ba a gani sai an yi allurar ruwan da ke haska jijiya. Sai ka ga hoto da dama-dama, oksijin ɗin majinyaci kuma yana kashi 85.

Akasin haka ma yana faruwa. Hoton yakan fi muni wajen kwana 10 da fara ciwo, kuma tabon ya jima makonni bayan mutum ya miƙe ya koma kasuwa. Eksire na yau da kullum kuwa a kwanakin farko yakan fito fes.

Malam Sani: Likita, ko a Hausance ma "gani ya kori ji" ba ta ce gani ba ya kuskure ba. Jita-jita take kora.

Ɗan Gaya: Malam ya kare ni ko ya kayar da ni, ban gane ba.

Nas Hadiza: Ya kayar da kai. A ɗakin jinya, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin muke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙasa da kashi 90 a matsayin ciwo mai tsanani. Ko maganin dexamethasone, gwajin da aka yi kan masu korona a Birtaniya a 2020 ya nuna masu buƙatar oksijin yake ceto, waɗanda ba sa buƙata bai amfane su ba. Ka ga lambar yatsa ce ke yanke shawara. Kuma asibitoci nawa ne a karkara ke da CT?

Maman Abba: To mu sayi ta yatsan mu huta kenan.

Dr. Bashir: Ku saya, amma da sharaɗi. Binciken Jami'ar Michigan a Disambar 2020 ya gano tana ƙara wa baƙar fata lamba: ta nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku fiye da yadda take yi wa farare. A goge jan farce, a ɗumama hannu in da sanyi, a jira lambar ta tsaya. Sannan a ƙirga numfashi: babba in ya haura 30 a minti ɗaya, asibiti kawai, ko me na'ura ta ce.

Maman Abba: Ƙirga numfashin ai da ido ake yi, likita. Ban janye ba tukuna.