Annotation processor na Java yana ba ni E maimakon String

Salamu alaikum. Ina rubuta annotation processor (shirin da ke duba lambar Java a lokacin kwamfayil, wato lokacin da ake harhaɗa ta) a Java 17, wanda zai gano kowane fili (field) mai nau'in Collection da nau'in abin da ke cikinsa.

isAssignable ya ƙi amincewa cewa List<String> Collection ne, sai da na sa Types.erasure a ɓangarorin biyu. Amma erasure ɗin yana share String gaba ɗaya. Na koma getTypeArguments, ya yi aiki a List<String>. A wani aji mai suna Sunaye da ya gaji ArrayList<String> kuwa, fanko yake dawo min. Da na bi getSuperclass ina hawa sama, ina wuce ArrayList sai na ga AbstractList<E>. E ɗin harafi ne kawai da ke tsayawa a madadin ainihin nau'in, don haka abin ya tsaya min cak.

Don Allah, yaya zan samo ainihin nau'in da E yake wakilta a Sunaye tun lokacin kwamfayil?