Me za mu kira "telemedicine" da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman ra'ayinku kan kalma ɗaya. Ni ke kula da wani shirin kiwon lafiya a nan Jos. Abokan aikinmu na ƙasar waje ne suka kawo manhajar, mu kuma muke haɗa ta da ƙananan asibitocin karkara. Takardar neman amincewar majiyyaci ta zo da Turanci, ko'ina a cikinta "telemedicine". Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta sirrinsu. Idan aka karanta wa Mama takarda ba ta gane ba, ta dangwala yatsa don kunya, ai ba ta yarda da komai ba.

2/ Ga aikin a taƙaice. Malamin asibiti a ƙauye, a ce can wajen Wase ko Kanam, zai auna hawan jini da zafin jiki, ya shigar a waya, ya ɗauki hoton ƙurji ko ciwon, ya tura wa likita a Jos. Likita ya kira, ya yi wa mara lafiya tambayoyi, ya faɗi abin da za a ba shi ko ya ce a kawo shi babban asibiti.

3/ Shawarar farko da aka kawo ita ce "magani daga nesa", tunda "tele" a harshen Girka nesa take nufi, kamar a tarho da talabijin. Ban karɓa ba. Ku faɗa wa tsohuwa za a yi mata magani daga nesa ku ji inda hankalinta zai tafi: wajen masu aike da jifa. Haka "duba daga nesa". Gaskiya muna cewa likita ya duba ni, amma da zarar "duba" ta tsaya ita kaɗai, malamin duba ake tunawa.

4/ Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta kawo "jinya daga nesa", sai ita da kanta ta janye. Jinya zama ce kusa da mara lafiya, a juya shi, a ba shi kunu, a kwana a gefen gadonsa. Wannan ba ya yiwuwa ta waya, kuma bai kamata suna ya yi alkawarin abin da ba za mu yi ba.

5/ Akwai wani abu da masu ƙirƙirar kalma daga Kano ko Zariya ba lalle su lura da shi ba. A Filato yawancin masu jin wannan takarda Hausa ba harshen gidansu ba ce. Berom, Ngas, Tarok, Mwaghavul, da Hausar kasuwa da ta coci da ta asibiti muke haɗuwa. Kalma mai nauyin Larabci ko ta 'yan jami'a za ta bar rabin mutanenmu a baya.

6/ Ni dai na tsaya kan "ganin likita ta waya". Haka mutane ke faɗa tun asali: na je ganin likita. An ce min ai sau da yawa sabis ba ya ɗaukar bidiyo, murya kawai ake ji, to ina ganin yake? Amsata ita ce, wanda ya ce zai je ganin mai unguwa ba kallonsa zai je yi ba, magana ce ke tafe da shi. Kuma sunan ya bar ƙofa a buɗe: akwai ganin likita ta waya, akwai ganinsa ido da ido. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, cewa ta yi wannan hanya ƙari ce, ba ta maye gurbin zuwa asibiti.

7/ Saura ɓangare guda. Idan malamin asibiti ne kaɗai ya kira likita, majiyyaci bai yi magana ba, na rubuta "neman shawarar likita ta waya". Ya ɗan yi tsawo. Ma'aikatanmu na Shendam da Langtang da Mangu, don Allah ku gwada duka biyun a bakin marasa lafiya wannan makon, ku faɗa min abin da suka maimaita da bakinsu kafin mu kai takardar wajen bugawa.