Wane kifi ne zai rayu a tankin da babu hita?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, a falo a nan Kano. Ba na son sa hita saboda halin wutarmu, yanzu a kawo anjima a ɗauke. Mai shago ya ce in zuba golfish, kifin ado ɗin nan mai ruwan zinare, guda biyar, wai su ne kifin ruwan sanyi. Haka ne? In ba haka ba, wane iri ya dace, kuma guda nawa?

Injiniya Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zo kan kifi, sayi ma'aunin zafi na cikin ruwa, ka cika tankin, ka riƙa dubawa da asuba da kuma wajen la'asar har tsawon mako guda. Abin da ma'aunin ya nuna shi zai zaɓa maka kifi. Tankin da babu hita zafin ɗaki yake bi, kuma ɗakin Kano kala biyu ne: na Janairu da na Afrilu. Shawarar "kifin ruwan sanyi" daga ƙasashen Turai ta taso, inda damuwarsu sanyi ne kawai. Mu a nan bazara ta fi hunturu kashe kifi. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa ya sauko wajen 7.5, a daidai lokacin da jikin kifin ya fi buƙatarta. Shi ya sa ake ganinsu a saman ruwa suna buɗe baki.

Maganar golfish biyar, a'a. Tankinka lita 54 ne in an cika shi fal. Golfish sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 23, mai siririn jikin yana kai santimita 25 zuwa 30, mai ƙaton cikin nan ma guda ɗaya yana son lita 75 ko fiye. Ga ci ga kashi. Biyar a wannan tanki, amoniya, gubar da ke fitowa daga kashinsu, za ta ƙone musu gaɓoɓin numfashi kafin zafi ya ƙarasa su.

Wanda ya fi dacewa da kai shi ne zebra daniyo, ɗan kifin nan mai layi-layi a jiki, asalinsa Indiya da Bangaladash. Bai wuce santimita 5 ba. Digiri 18 ba ta dame shi ba, kuma a ɗakunan bincike a kan digiri 28 ake kiwonsa, ka ga ya riƙe ɓangarorin biyu. Ka sa shida zuwa takwas, don in sun yi kaɗan sai su koma korar juna. Murfi dole ne, tsalle suke yi.

Maman Sadiq:
Na yarda da Injiniya, sai dai in ƙara launi, don daniyo kaɗai yara ba za su burge ba. Filati, wani ɗan kifi mai launuka, musamman nau'insa da ake kira bariyatus, yana jure sanyi fiye da gupi da moli, waɗanda su ma ƙananan kifayen ado ne. Uku sun isa a kan daniyo shida. Amma ka sani haihuwa suke yi ba ƙwai ba, mace ɗaya tana zubo 'ya'ya ashirin ko fiye kusan kowane wata. Ko dai ka ɗauki maza zalla, ko namiji ɗaya mata biyu ka shirya inda za ka kai 'ya'yan.

Gupi mai dogon wutsiya kada a haɗa shi da daniyo, za su yayyaga masa ita. Kuma shi da beta, wani kifin ado mai faɗa, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 da daren hunturu, sai su lafe, su daina ci, bayan kwana kaɗan ka ga cutar fararen ɗigo a jikinsu kamar an barbaɗa musu gishiri. Beta dai a cire shi daga lissafi, 24 zuwa 28 yake so kullum.

Ɗan Filato:
Ga masu karantawa daga Jos, lissafinku daban. Garin yana sama da mita 1,200, don haka ɗan kifin da ake kira White Cloud ya dace da ku. A 1932 aka gano shi a wani dutse kusa da birnin Guangzhou na ƙasar Sin, santimita 4 ne, yana son 16 zuwa 22, kuma a garke yake zama. A bazarar Kano ko Sakkwato kuwa wahala zai sha, ba na ba da shawararsa.

Baban Ummi, tunda wuta ce matsalar, akwai kifin aljanna, wato faradais. Yana da wata gaɓa da yake shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, don haka ɗaukewar wuta ba ta gigita shi. Aibinsa faɗa. Namiji ɗaya tak, kuma gara a bar masa tankin shi kaɗai. Masu cewa a jefa 'yar tarwaɗa kuma, su tuna tana wuce rabin mita, kuma duk abin da ya shiga bakinta ya tafi.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Zan tsaya a kan daniyo da filati. To gobe in je in sayo?

Injiniya Tudun Wada:
Ba gobe ba tukuna. Ka kunna matatar soso mai aiki da famfon iska, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi a tankin ba kifi, mako huɗu zuwa shida. A lokacin ne ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniya zuwa naitirait (shi ma guba ne), sannan naitiret (mai sauƙin illa), suke zaunawa a jikin soson. In kana da kayan gwaji, ka jira sai amoniya da naitirait sun nuna sifili. Daga nan daniyo su fara shiga, filati bayan mako biyu. Ledar da aka sayo su a ciki a ɗora ta kan ruwan minti ashirin kafin a sake su.

Kowane mako ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, wajen lita 13. Ruwan famfo a ɗiga masa maganin kashe kulorin. Ko na famfo ko na burtsatse, a bar shi a bokiti cikin ɗaki har zafinsa ya yi daidai da na tanki, don ruwan tankin saman gida da rana ta daka yana iya kashe kifi nan take. Soson kuma a ruwan da ka ɗebe daga tankin ake matse shi, kulorin na famfo yana kashe ƙwayoyin.

Ka nesanta tankin da taga. Da hunturu ka liƙa farin soson kwalin firiji a bayansa da gefuna, ka rufa bargo da dare, ka rage abinci domin narkewarsa tana yin jinkiri a sanyi. Da bazara a kashe fitilar tankin, a sa raga maimakon murfi, a juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. Tana sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai ruwa zai riƙa raguwa, a riƙa cikewa. Kada a zuba ƙanƙara kai tsaye. Ka kuma nemi famfon iska mai batir ko mai caji, shi ne zai riƙe maka kifin da ƙwayoyin matatar ranar da wuta ta kwana ba ta dawo ba.