Macijin masarar da aka bar wa yarona ya yi amai, idonsa ya yi fari: me za mu yi?

Maman Yara, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makonni uku da suka wuce maƙwabcinmu ya tashi zuwa gidan hayar da ba a yarda da dabbobi ba, ya bar wa babban yarona macijinsa, irin wanda ake kira macijin masara, ja-ja ne mai zanen ruwan lemo, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya. Ya ce shekararsa huɗu. Yaron shekararsa 13, tun yana firamare yake shiga gidan yana kallonsa. Babansu ya amince. Ni kuwa a Funtuwa na tashi, inda ko sunan abin ba a kira da dare sai dai a ce igiyar ƙasa, sai da na yi kwana biyu ban taka ɗakin ba.

Ga matsalar. Ranar Asabar yaron ya ba shi ɓera, ya haɗiye lafiya. Lahadi da safe abokansa suka zo, ya fito da shi suna ta ɗauka. Kafin azahar ya amayar da ɓeran, wari ya cika ɗakin. Ya sake ba shi ranar Litinin da Laraba, ko kallo bai yi ba. Yau kuma idanunsa sun yi fari-fari kamar an shafa madara, ya shige maɓoyarsa ya ƙi fitowa. Yaron nan tun jiya bai ci abin kirki ba, yana cewa shi ya kashe shi. Makancewa yake yi? Wani abu kuma: akwai wata shimfiɗar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin akwatin, ni nake kashe ta da dare saboda tsoron gobara. Ina da 'yar shekara uku a gidan. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Zariya, Lesta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalin yaron, abubuwa biyu ne suka haɗu, kuma ɗayan ba ciwo ba ne ma. Shekara tara ina riƙe da irin wannan macijin.

Farin idon nan saɓa zai yi. Maciji ba shi da fatar ido mai rufewa, wani siririn ɓawo ne ya lulluɓe idon, kuma shi ma yana fita tare da tsohuwar fatar. Kafin saɓa ruwa kan taru tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, shi ne kike gani kamar madara. Bayan kwana uku ko huɗu idon zai washe, sai ki ce ya fasa, to bayan wasu 'yan kwanaki za ku tarar da saɓar a akwatin. A wannan lokacin ba ya gani sosai, shi ya sa yake ɓuya, kuma da yawansu ba sa cin abinci.

Aman shi ne abin kula, kuma ina ganin dalilinsa a bayaninki. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, da ɗumin wurin da yake kwance yake narkar da abinci. Idan kika kashe shimfiɗar nan a daren Nuwamba na Manchesta, ɓeran yana nan zaune a cikinsa bai narke ba. Da safe kuma aka ɗauke shi ana juyawa daga hannu zuwa hannu. Ko ɗaya daga cikin biyun ya isa ya sa shi amai. Bayan ya ci, a bar shi aƙalla awa 48 ba a taɓa shi ba.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci: a daina ba shi abinci. Amai na ƙona masa maƙogwaro, cikinsa kuma na bukatar lokaci ya koma daidai. A jira kwana 14 daga ranar aman, sannan a ba shi ɓera ƙarami fiye da wanda ya saba. Babban maciji mai lafiya mako biyu ba ci ba komai ba ne gare shi, dama nawa duk kwana 10 zuwa 14 nake ba shi ɓera ɗaya. Gaggawar sake ciyarwa ce ke jawo amai na biyu, shi ne mai hatsari.

Game da ɗumi, ɓangare ɗaya na akwatin ya kasance digiri 28 zuwa 30, ɗayan kuma 21 zuwa 24, da maɓoya a kowane ɓangare, don ya zaɓi inda jikinsa ke so. Tsoronki na gobara gaskiya ne, amma maganinsa tamostat, wata 'yar na'ura da ake jona shimfiɗar a jikinta, tana yanke wuta da kanta idan zafi ya kai inda aka saita. Shimfiɗa ba tamostat tana iya ƙona cikin macijin ma. Ki duba, wataƙila maƙwabcin ya haɗo da ita. Wutar da shimfiɗar ke sha ba ta kai ta ƙwan fitila ɗaya irin na da ba.

Nas daga Gombe, Bamingham:
'Yar uwa, na fahimci tsoronki sarai. Ni kusa da Kaltungo na girma, inda asibitin masu saran maciji yake, na ga abin da kububuwa ke yi wa manoma lokacin girbi. Amma wannan ba danginta ba ne. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka, su Fulorida da Karolaina, kuma ba shi da dafi ko kaɗan, nannaɗe ɓera yake yi ya matse. In ya ciji mutum kamar ƙarcen ƙaya ne, a wanke da sabulu.

Abin da ni nake tsoro wa 'yar ƙaramar ba cizo ba ne, ƙwayar cutar salmonela ce. Dabbobi masu rarrafe na ɗauke da ita a kashinsu ba tare da sun nuna alama ba, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar tana ba su zawo da zazzaɓi mai tsanani. Kada ta taɓa macijin ko akwatinsa. Yayanta ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa, kuma kada a wanke kwanon ruwan macijin a wurin wanke-wanken kicin. Ina kuke ajiye ɓerayen?

Maman Yara, Manchesta:
A firiza suke, cikin leda, a aljihun da nake sa nama. Abin yana damuna ƙwarai. Kuma na tambayi yaron, ya ce a ruwan zafi na butar lantarki ya narkar da na ranar Asabar, minti biyar kawai.

Ɗan Zariya, Lesta:
To ga dalili na uku. Ruwa mai tafasa yana dafa bayan ɓeran, cikinsa kuma na nan da ƙanƙara. A sa shi a roba mai murfi a ƙasan firji ya kwana, sannan a tsoma shi cikin leda a ruwan ɗumi kamar minti 15, a latsa cikinsa a tabbatar ya yi laushi ba sanyi. Ban da injin ɗumama abinci. A miƙa masa da dogon hantsaki, kada ya saba haɗa ƙamshin ɓera da yatsa. Kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikin macijin da yawa. Ɓerayen kuma a ba su robarsu mai murfi, a aljihu dabam da na nama. Mai rai kuwa kada ma a gwada, yana iya cizon macijin ya yi masa rauni.

Baba Alhaji, Landan:
'Yata, ni abin da zan ce dabam ne. Wannan dabba ana cewa tana yin shekara 15 zuwa 20 a hannun mutane. Yaronki nan da shekara biyar zai tafi jami'a in Allah ya yarda, ɗakunan ɗalibai kuma ba sa karɓar dabbobi. Wa zai riƙe? Ke ce. Ku zauna da mahaifinsa ku yi wannan lissafin tun yanzu, ku kuma tambayi malamin da kuka yarda da shi game da ajiye maciji a gida, don zuciyarki ta natsu. In kun ga ba za ku iya ba, akwai ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA da masu karɓar irin waɗannan dabbobi. Kada dai a sake shi a lambu. Dokar 1981 ta ƙasar nan ta hana sakin dabbar da ba ta ƙasar ba, sanyi kuma zai kashe shi. Muddin yana gidanku amana ce, ci da shansa da ɗuminsa suna wuyanku.

Maman Yara, Manchesta:
Na gode Baba, maganarka ta shige ni, za mu zauna da babansu ranar Juma'a. Na gode Nas, na raba aljihun firizar. Yaya Ɗan Zariya, mun sami tamostat ɗin a kwalin da maƙwabcin ya bari, ashe ba mu jona ba. Yanzu ma'aunin yana nuna 29 a ɓangaren ɗumin. Na karanta wa yaron amsarka, ya yi kuka, sannan ya ci tuwo. Yaushe za mu san cewa sai an kai shi asibiti?

Ɗan Zariya, Lesta:
Alhamdu lillahi. In ya sake amai bayan hutun nan, ko kuka ji yana numfashi da ƙara kamar fito, ko baki a buɗe da kumfa, ko ya rame har ƙashin bayansa ya fito, to a kai shi. Ba kowane likitan dabbobi ke duba maciji ba, ki nemi mai duba dabbobi masu rarrafe tun yau ki ajiye lambarsa.

Kafin saɓar, ku sami roba mai murfi ku huda ƙofa a gefe, ku sa jiƙaƙƙen gansakuka ko jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu a ciki, zai shiga da kansa ya jiƙa fatar. In ya saɓe, yaron ya shimfiɗa saɓar ya duba wurare biyu: ɓawon idanun nan biyu, da ƙarshen wutsiya. In wani ya maƙale a wutsiya yana iya ɗaure ta har ta bushe. Kada a ja da ƙarfi, a bar shi ya ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi. Sannan ki sa yaron ya riƙa duba ƙofar akwatin kowane dare kafin ya kwanta, a sa mata makulli in babu, domin duk kafar da kansa ya shiga jikinsa ma zai bi. Aman ranar Lahadi ne, don haka ciyarwa ta gaba sai Lahadi ta sama, kuma in bai gama saɓa ba a ƙara masa kwana biyu ko uku.