Dan Allah ina neman kalmar Hausa ta "lasure" kafin Litinin

Mushen kafinta: Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da aikin katako a wata cibiyar koyon sana'a nan Damagaram, Litinin zan fara darasi kan abubuwan da ake shafa ma katakon waje, ƙofa da taga da benci da ginshiƙan rumfa, kuma takardar darasin dole in kai ta fotokopi gobe Lahadi da yamma. Yarana yawancinsu ba su yi nisa a lakwal ba shi ya sa nake rubutawa da Hausa. Fenti kowa ya sani, berni ma, shafin nan mai ƙyalli da ake ganin katako ta cikinsa, sun sani, amma abin nan da ake rubuta lasure a jikin gwangwaninsa, wanda ya shigo ta Kano kuma ka ga an rubuta stain, shi ne ya gagare ni, musamman mai haɗin mai. Shi ba ya rufe katako kamar fenti, shiga yake yi cikin jikin icen ya ba shi launi amma kana ganin zanen icen, man da ke ciki ya hana ruwa shiga, garin launin kuma shi ke tare rana. Abin da ya sa na damu, bara na ce ma yara fenti ne mai ruwa-ruwa, wani yaro ya lafta ma ƙofar mutane shafi uku masu kauri da tsakar rana bai goge ba, ƙofar nan ta yi sati tana danƙo ƙura ta bi ta manne, sai da muka kankare da samfefa muka sake. Yaron bai yi laifi ba, sunan da na ba shi ya bi. Ku taimaka.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Mushe. Rinin katako mana, me ya fi wannan sauƙi

Mai shagon kayan gini: Mushe mu dai a kasuwar Dole lazir muke cewa, duk wanda ya zo saya haka yake faɗi, wanda bai san sunan ba ya ce a ba shi berni mara ƙyalli. In ka koya masu wani suna daban ranar da ka aiko su shago ba za mu fahimci juna ba wlh

Mushen kafinta: Rinin katako na yi tunaninsa tun farko ƙanena, matsalar akwai wani abu daban da ake ce ma teinte, shi launi kawai yake badawa ba ya kare komai sai an bi shi da berni, to in na ce rini wanne nake nufi a cikinsu? Alhaji gaskiyarka kan kasuwa, ba zan ɓoye masu lazir ba, amma lazir ba ta gaya ma yaro komai a kunne.

Malamin Hausa: Ku tsaya. Shi wannan abu aikinsa ɗaya ne, ratsa katako. To Hausa tana da hanyarta, manta ta ba mu mantau, makara ta ba mu makarau, saboda haka ratsa sai ta ba mu RATSAU. Kalma ɗaya, gaɓa biyu, namiji, ratsau na mai da ratsau na ruwa. Na daɗe ina cewa mu daina jera kalmomi uku huɗu a wurin da ɗaya ta isa.

Hajiyar rediyo: Allah gafarta malam mantau da makarau ai mutane ne, lakabi ne na mai wani hali. Ni in na ji ratsau a iska zan ɗauka wani direba ne da ya saba ratse hanya. Mushe ni tawa shawarar lallen katako. Duba fa, lalle ba ya zama saman fata shiga yake yi, ana shafa shi a bar shi ya kama sannan a cire abin da ya rage, ba ya ɓarewa kamar fenti sai dai ya koɗe a hankali in ya koɗe a sake sawa, ba haka ka ce naka yake ba?

Mushen kafinta: Hajiya wallahi haka yake ba ƙari ba ragi. Fenti da berni in ranar Afrilu da Mayu ta buge su, zafi ya haura digiri 40, katakon ya motsa sai su tsage su riƙa ɓarewa, gyaransu sai an kankare duka. Shi wannan koɗewa yake yi, ka wanke ka bar shi ya bushe ka sake shafawa shikenan. Nan da ranarmu wanda ke fuskantar rana kullum da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu bai nemi sabo ba.

Ɗan Zango: Hajiya samari ƴan shekara 17 za a ce ma ku ɗauko lalle ku sa ma ƙofa? ranar ba za a yi darasi ba sai dariya

Malamin Hausa: Lalle kwatance ne ba suna ba. Kuma Hajiya fiddau fa, shi ma mutum ne? Ba dole sai mutum ba. Matsalarmu kenan, duk sanda aka kawo kalma daga cikin harshen sai a yi mata ca, amma lazir da ba ta da uwa ba ta da uba a Hausa kowa ya rungume ta. Tun Maris 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, in ba mu fara ƙirƙira yanzu ba sai yaushe? Ko sai mun jira ƴan Kano sun raɗa mana mu kwafa kamar kullum?

Ɗalibin jami'a: Malam da girmanka, lasure ɗin ma ba ta Faransawa ba ce, daga Jamusanci suka aro ta, in ka bi ta baya kuma za ka tarar da lazaward ta Larabci da Farisanci, sunan dutsen nan mai shuɗi. Su ba su ji kunyar aro ba. Mu ma fenti da kafinta da samfefa duk aro ne kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ne

Bakano a Damagaram: Ni ban ga abin da ya kawo Kano cikin zancen nan ba malam. Mu ma can ba mu da kalmar, kafintocinmu sunan Turanci suke kira ko su haɗa shi da banish, wanda ku ke ce ma berni, su ce duk ɗaya ne. In kun samo mai kyau mu ma mu ɗauka, ai katakon ma ta Matamaye da Magarya yake shigo maku ba a ce masa baƙo ba

Malamin Hausa: Ba faɗa nake da Kano ba ɗan'uwa. Cewa nake garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926, ga fada ga malamai ga jami'a, bai kamata a ce kalma ɗaya ta gagare shi ba. Ratsau. Ku maimaita ta sau uku ku ji yadda ta zauna a baki.

Hajiyar rediyo: Na maimaita malam, har yanzu direban nake gani

Ɗan Zango: to man katako fa? tunda mai ne

Mai shagon kayan gini: A'a kar ku soma. Man katako a nan mutane baƙin mai za su ɗauka, na juyen inji da ake shafa ma azara da ginshiƙi saboda gara. Wannan ba ya bushewa, yana ɓata tufafi ga wari ga dattin inji a ciki, ba abin sa ma benci ko ƙofar ɗaki ba ne. Kuma akwai man lin zalla, na ƴaƴan wani tsiro, da muke sayarwa shi ma man katako ne amma ba launi a ciki, rana na cin katakon ta cikinsa ya yi toka-toka. Af Mushe ka faɗa ma yaranka ba kowace lazir ke maganin gara ba, sai wadda aka rubuta a gwangwani, in ba haka ba maganin gara daban ake fara sawa ya bushe tukuna.

Baba na Birni: Salamu alaikum, jikana ne ke rubuta mini. Ni dukanci na gada. Ku yara kuna ta rini rini, rini a marina ake yi, a tsoma zane cikin baba a fito da shi. Abin da ake ɗiba a shafa ma fata da tsumma har ta sha, kamar jan karan dafi da muke sa ma fatar akuya bayan ta fito daga majema, mu turi muke cewa, an tura fata. Kuma in ka tura sai ka bi da mai ka murza. Abin da malamin makaranta ya kwatanta ni turi na ji. Turin katako.

Mushen kafinta: Baba ranka ya daɗe Allah ya ƙara lafiya, wannan ta shige ni sosai don har tsumman ma haka muke yi, a shafa da buroshi bin tsawon icen a jira kamar minti 15 a bi da tsumma a goge duk abin da katakon bai sha ba.

Ɗalibin jami'a: Kalmar Baba ta fi kowace dacewa gaskiya, amma a ƴan zamaninmu wa ya san ta? Yaro in ya ji turi mota zai tuna wadda batir ya mutu. A rubuce ma ba a bambanta su

Malamin Hausa: Turi Hausa ce tsantsa ban musa ba, na girmama Baba. Amma ta dukawa ce, a bar masu abinsu. Sabon abu sabon suna.

Hajiyar rediyo: Malam ɗazu kai ke kukan an bar kalmomin gida, ga ta gida an kawo tun ta kakanni kuma ka ce a'a saboda ba taka ba ce

Malamin Hausa: Hajiya ba haka ba ne, kar ki juya mini magana.

Wani daga Yamai: Ku yi haƙuri in ƙara dagula maku. Na yi aikin dandamalin katako a bakin wurin wanka na wani otal, abin da ake takawa ba lasure ake sa masa ba, saturateur ake sawa, don lasure tana barin ɗan siririn rufi a sama wanda ƙafa ke cinyewa, ita ta ƙofa da taga ce da abin da ke tsaye. Shi saturateur shi ne ke nutsewa duka. Mutanen Amurka su stain suke ce ma duka biyun. To kalmarku wanne za ta ɗauka?

Malamin Hausa: Ka gani! wanda ke nutsewa duka ai shi ne ratsau na gaskiya

Mushen kafinta: Yaya na Yamai gaskiya ne, sai dai nan wa ke shimfiɗa katako a ƙasa ana takawa, ga gara ga tsada, yarana ƙofa da taga da benci za su yi, zan dai ambata a baki. Jama'a lokaci ya tafi ga abin da zan rubuta. Kan darasi: rinin mai na katako, wanda ake ce ma lazir a kasuwa. Na san rini bai cika daidai ba Baba ka yi mini afuwa, amma shi yaro zai ji ya gane launi ne mai shiga jiki, kalmar mai kuma ta raba shi da teinte ta raba shi da na ruwa. A ƙasa zan sa layi cewa dukawa turi suke ce ma irin wannan aiki don kalmar ta shiga kunnensu, bayanin kuma da lallen Hajiya zan yi shi a baki don ban ga abin da ya kai shi ba. Sauran takardar dokoki ne, katako ya bushe sarai, a ɗiga masa ruwa in ya shanye to zai sha rini in ruwan ya tsaya ƙwallo-ƙwallo akwai tsohon shafi sai an goge, a motsa gwangwani har ƙasa don launin kwanciya yake, mai duhu ya fi mai haske jure rana, a yi aiki a inuwa da safe ba cikin iskar hunturu mai ƙura ba, bakin katako inda aka yanka ya fi ko'ina sha a ƙara masa, a ba shi awa 24 ko fiye kafin shafi na biyu, buroshi da diliyan, ruwan tsinka fenti, ake wanke shi ba da ruwa ba. Sai wanda zan rubuta da manyan baƙaƙe, tsumman da ya jiƙe da wannan mai kar a dunƙule shi a jefa kwana cikin garin katako, man lin in yana bushewa zafi yake yi har tsumma ya kama wuta da kansa, a shanya shi a buɗe a waje ko a tsoma shi cikin bokitin ruwa.

Baba na Birni: To ba laifi, tunda turin ya shiga takarda. Amma ba rini ba ne.

Mai shagon kayan gini: Madalla, lazir dai na nan. Ka turo mini kofi ɗaya in manna a shago saboda zancen tsumman nan, ban taɓa faɗa ma masu saya ba

Malamin Hausa: Rinin mai na katako, kalma huɗu. Allah ya ba da sa'a Mushe, darasinka ne. Ni dai a ajina ratsau zan koyar, kuma in akwai sauran wuri a ƙasan takardar ka sa ta ko da ƙananan baƙaƙe ne yaran su zaɓa da kansu.

Mushen kafinta: Shafi ɗaya ne malam kuma ya cika, in na rage layin diliyan wataƙila ta shiga. Alhaji Talata zan aiko yaro da kofinka in sha Allah, ka haɗo shi da lita ɗaya mai ruwan ƙasa-ƙasa.